Tsoron Allah a Bayan Ƙyaure

 

Babu Juma'ar da za ta wuce, ko Asabar, ko Lahadi, ba a ɗaura aure a unguwanninmu ba. Waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da dabino, a watse ana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Da sunan Allah ake ɗaurawa, a gaban malamai, sau da yawa ma a cikin masallaci. Amma duk wanda yake zaune cikin jama'a ya san auren da bai ga zagayowar shekara ba. Ya kuma san wanda yake nan a ɗaure, sai dai gidan ya zama wurin da miji yake gudun komawa, matar take kwana da hawaye, yara suke shigewa ɗaki da zarar sun ji tsayuwar babur ɗin babansu.

Damuwar ba yau ta fara ba. A watan Janairun 2009, Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu a Kano, ta shirya fito da zawarawa kan titi su nuna halin da suke ciki, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kano, ta hannun ita Hisbar a ƙarƙashin Shaikh Aminu Ibrahim Daurawa, ta fara aurar da zawarawa, aka soma da aure 100. A ƙarshen 2013 aka ɗaura 1,111. A Oktoban 2023 aka ɗaura 1,800, gwamnati ta biya sadaki, ta yi kayan ɗaki, ta ba amare jari. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya taso da maganar kundin dokar iyali, aka yi ta ka-ce-na-ce. A 2024 aka sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure. Duk ƙoƙari ne, Allah ya saka wa masu yin sa da alheri. Sai dai hukuma katifa take iya saya, gwajin jini take iya tilastawa. Ba ta da jami'in da zai tsaya a tsakar gida ya ji irin muryar da maigida yake kiran matarsa da ita. Wannan wurin ba shi da mai gadi sai tsoron Allah.

Abin da yake ɗaure kai shi ne, mu ba mutanen da suka yi nisa da addini ba ne. Je ka masallacin Juma'a ka ga yadda sahu yake fitowa har kan kwalta. Azumi ya zo, tafsiri a kowace unguwa, goman ƙarshe a cika masallatai da tahajjud, masu hali su tafi Umara. Yaranmu suna sauke Alƙur'ani tun ba su balaga ba. To me ya sa alherin nan yake tsayawa a zaure, ba ya ƙarasawa cikin gida? A ganina mun raba addinin ne kashi biyu. Abin da yake tsakaninmu da Ubangiji, salla da azumi da zikiri, mun riƙe shi da kyau, muna bin malamai da tambayar ƙabli da ba'adi. Abin da yake tsakaninmu da waɗanda muke kwana gida ɗaya da su kuwa, mun sa masa suna harkar gida, kamar mala'iku masu rubutu ba sa shiga nan. Mutum zai taso takanas ya tambayi malam hukuncin wanda ya manta zaman tahiya, amma bai taɓa tambayar hukuncin wata uku da ya yi yana gaba da matarsa ba.

Akwai wani labari a cikin Bukhari da ya kamata kowane magidanci ya sani. Bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Wata rana Salman ya kai wa ɗan'uwan nasa ziyara, ya tarar da matar gidan a yamutse, babu alamar kwalliya a jikinta. Ya tambaye ta dalili, ta sanar da shi cewa mijinta ba ya ta duniya. Da aka kawo abinci Abud Darda'i ya ce shi azumi yake, Salman ya ƙi ci sai da ya sa shi ya ci. Dare ya yi, ya miƙe zai yi nafila, Salman ya sa shi ya kwanta, ya sake miƙewa, ya sake kwantar da shi, sai can ƙarshen dare suka tashi suka yi salla tare. Sannan Salman ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, jikinsa yana da hakki, iyalinsa ma suna da nasu, kuma kowa a ba shi. Da maganar ta je gaban Manzon Allah, sai ya gaskata Salman.

Ku lura fa, jama'a. Abud Darda'i bai doki matarsa ba, bai zage ta ba, ba yawon banza ya tafi ba. Azumi da tsayuwar dare ne suka ɗauke masa hankali daga kanta, amma duk da haka aka gyara masa. To ina ga wanda majalisa ce ta ɗauke shi, ko kallon ƙwallo, ko wayar da yake latsawa har barci ya kwashe shi, matar tana gefe tun safe ba ta sami wanda za ta yi wa magana ba sai yara?

Shi kansa fiyayyen halitta, Nana A'isha ta ba da labarin zamansa a gida: yana taya iyalinsa aiki, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, lokacin salla ya yi ya fita. Ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 bai ji tsawa daga bakinsa ba. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da sahabbai suka cika da baƙin cikin sharuɗɗan sulhu har suka yi jinkirin yanka hadayarsu, shawarar matarsa Ummu Salama ya ɗauka, ya fita ya yanka tasa, ya yi aski, kowa ya bi. A hudubarsa ta ban kwana a Arfa, shekara ta 10, gaban wannan taro mai yawa, sai da ya yi wasiyya da mata. Duk ɗan Islamiyya ya san waɗannan. Muna jin su a wurin wa'azi, mu yi salati, mu koma gida mu ce namiji ba ya shawara da mace.

Mu zo kan ciyarwa, domin a nan ne yawancin rigima take tashi. Ba zan raina wahalar da magidanta suke sha ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya tashi. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a daidai lokacin da buhun shinkafa ya wuce wannan kuɗi. Akwai bayin Allah da suke fita tun asuba, su yini a rana, su dawo da abin da bai kai ya kawo ba, zuciyarsu tana ƙuna. Waɗannan addu'a suke buƙata da tausayin matansu, kuma Allah bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma rashi daban, rowa daban. Wanda zai tsaya wurin mai shayi a soya masa ƙwai da Indomie, ya bi ta wurin mai tsire, ya goge baki ya shigo gida, alhali kuɗin cefanen da ya bari ba zai sayi mudun gari ba, wannan ba talauci ne yake damun sa ba. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan gaban Manzon Allah, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Ci da sha da sutura da wurin kwana hakki ne da aka ɗauka a gaban shaidu ranar ɗaurin aure, ba alfarma ba ce da za a riƙa goranta wa mace.

Haka wanda ya kasa riƙe ɗaki ɗaya, ya sami ɗan canji sai ya ƙaro na biyu, yana cewa sunna yake rayawa. Ayar da ta halatta ƙarin, a farkon Suratun Nisa'i, ita ce dai ta gindaya adalci, ta kuma ce wanda ya ji tsoron kasawa ya tsaya a kan ɗaya. Ba a karanta rabin aya a bar rabi.

Na san gidajen da wani lokaci gari da ƙuli-ƙuli ake kwana da shi, amma in ka shiga za ka ji sanyi a ranka. Abin da na lura da shi a irin waɗannan gidaje shi ne babu ɓoye-ɓoye. Maigida yana dawowa ya ce, yau ga abin da Allah ya hore, yaya za mu yi? Matar ta san samunsa, don haka ba ta zargin sa, ba ta kuma tambayar abin da babu. In tana da ɗan adashi ko kuɗin sana'a ta rufa asiri da son ranta, shi kuma ya gode, bai mayar da abin dole ba, domin ya san dukiyarta tata ce. A wasu gidajen kuwa, mace za ta shekara ashirin ba ta san abin da mijinta yake samu ba, ba ta san bashin da ake bin sa ba, sai ranar rabon gado.

Sannan ga wata al'ada tamu da take ci mini tuwo a ƙwarya. Daren kai amarya, gwaggo da inna da yaya za su sa yarinya a tsakiya: aure ibada ne, yi na yi, bari na bari, ki yi haƙuri, ki yi haƙuri. Nasiha ce mai kyau, babu mai ja. Amma a wannan daren wa ya zaunar da ango? Abokai ne kewaye da shi, ana sayen baki, ana raha, an riƙo ledar kaza. Yaron da aka ɗora wa shugabancin gida, aka damƙa masa amanar 'yar mutane, shi ne wanda ba a ce wa komai ba. In ta dawo gida da kumburarren ido, sai uba ya ce tashi ki koma, haka uwarki ta zauna. Iyaye, haƙuri da halin mutum ibada ne. Mayar da 'ya hannun mai dukan ta ba tare da an kira shi an tsawatar masa ba kuwa, taimakon zalunci ne. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara yadda ake yi in an ji tsoron ɓaraka: a tashi mutum ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, su zauna su ji ta bakin kowa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, shi ya sa aka tanadi masu shiga tsakani, kuma aka ce daga ɓangare biyu.

In zaman ya ƙi, saki halal ne, amma shi ma yana da ladabinsa. Sakin sunna guda ɗaya ne, a cikin tsarkin da miji bai kusanci matar ba. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da ita daga ɗakinta har idda ta cika, ci da sha suna wuyan miji. Hikimar a fili take: mutum biyu suna gida ɗaya, suna ganin juna safe da yamma, fushi yana sauka, sau da yawa a mayar da aure ba tare da maƙwabta sun ji ba. Mu kuwa fa? Saki uku a numfashi ɗaya, wani ma ta saƙon waya, tattara ki tafi gidanku da tsakar dare. Gari ya waye a fara zagayen malamai ana neman mafita, har a kai ga auren kisan wuta, wanda shari'a ta la'anci mai yin sa da wanda aka yi dominsa. Sai kuma a ƙwace yara, har da na goye, don a ƙuntata wa uwarsu. Alhali a Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, uwa ce take da riƙon 'ya'ya bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. In uwar ta yi wani aure ko ta rasu, riƙon ya koma wurin kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuma tana kan uba duk inda suke. Littafin yana nan a gidajenmu, aiki da shi ne muka bari.

Iyayena mata da 'yan'uwana mata, ku ma ga taku. Aya ta 21 a Suratur Rum, wadda muke bugawa a jikin katin gayyata, ta ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai a tsakanin ma'aurata, kuma a kan mutum biyu take magana. Namijin da ya yini yana fama ya dawo, tun bai cire takalmi ba aka tare shi da maganar ankon biki da abin da mijin wance ya saya mata, ina zai sami natsuwa? Matar da take kwashe sirrin ɗakinta ta zuba wa ƙawaye a WhatsApp, ko take fitowa daga Islamiyya ta zarce wurin boka don a mallake mata miji, ta san da wa take yi. Kuma tsoron Allah na uwargida ana gane shi ne a kwanon da take zuba wa ɗan kishiya, da irin kwanan da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye take yi, yarinyar da ba ta fi 'yarta ba, wadda take riga kowa tashi, take bayan kowa kwanciya, ba boko ba allo. Uwar miji ma haka. Wadda aka kawo miki 'yar wata ce, kamar yadda taki take ɗakin wata. Yadda kike so a riƙe taki, riƙe ta mutane.

Yara kuwa duk suna kallo. Yaro ba ya koyon gaskiya daga wa'azi in babansa yana aiken sa ya ce wa mai sallama ba ya nan. Ba ya koyon girmama uwa in a gabansa ake zagin ta. Kuma bakin uwa ba abin wasa ba ne, a daina tsine wa yaro saboda ya fasa kofi. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa cewa wanda ba ya jinƙai shi ma ba za a ji ƙansa ba. Annabi ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Kunyarmu ta Hausa, har da ta ɗan fari, tana da kyawunta, kuma ba na so ta ɓace. Amma kada ta kai yaro ya girma bai taɓa jin babansa ya ce masa Allah ya yi maka albarka ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin. Waɗannan matasa daga gidaje suka fito. Yaron da ba shi da wanda zai gaya wa damuwarsa a gida, zai sami mai sauraron sa a bakin layi, kuma mun san abin da ake miƙa masa a can.

Gyaran ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman zamaninsa da suke tara ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya kuma nuna da aiki. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata a ƙauyuka. Aurenta da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima bai tsayar da alƙalaminta ba. Gidan da miji da mata suka san hakkin juna daga littafi, ba daga hirar majalisa ko ta gidan biki ba, rigimarsa tana da iyaka, domin akwai abin da dukkansu suke rusunawa a gabansa. Shi ya sa nake ganin nafilar da maigida zai ja iyalinsa a ɗaki, da karatun da za a yi tare bayan magariba ko da shafi ɗaya ne, da kwanon da uba zai sa hannu tare da 'ya'yansa, sun fi ƙarfin yadda muke ɗaukar su. Da wuya ka ɗaga hannu kana roƙa wa mutum gafara da asuba, hantsi ya yi ka ɗaga hannun nan ka mare shi. Kuma a irin wannan zama ne maigida yake koyon kalmar da ta fi yi wa mazanmu nauyi, wato ya dubi matarsa ya ce, na yi kuskure, ki yafe mini.

Kirana na yau ga waliyyai ne da limamai. Waliyyi, kafin ka ce ka bayar, kada ka tsaya a kan yana salla kuma yana da sana'a. Tambayi abokan cinikinsa yadda yake da amana. Bincika yadda yake da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. In ya taɓa aure, nemi sanin abin da ya fitar da ta farko, da wanda yake ciyar da 'ya'yanta yanzu. Malam liman, kai kuma kafin ka shafa fatihar Asabar mai zuwa, kira angon nan gefe, ko ka sa a kawo maka shi tun ana saura kwana biyu. Karanta masa babin aure da saki da ciyarwa kamar yadda kake karanta wa mutane babin alwala, ka gaya masa ƙarara cewa za a tambaye shi a kan yarinyar nan ranar gobe ƙiyama. Kada a sake kai amarya ɗakin wanda ba a yi wa nasiha ba.